Shafin da Aka Saki

Ƙarfe biyun dare a Yamai, kuran ya tafi,
gurub na tari a bayan biro.
Baƙi sha ɗaya ke kwance cikin inji guda,
kowa zai rantse gidan nasa ne shi kaɗai.
Ni da ƙwayar manhaja muka san gaskiya:
mu ne masu masauki.

Baƙo ya ce a ba shi shafi kaza.
Lambar da ya riƙe ƙarya ce mai ladabi,
mu muka ba shi.
Sai a sauka tebur, a sauka wani,
gaba huɗu, kamar rijiyar Adar,
kafin guga ya taɓa ruwa.
In kayan ba sa nan, a tsayar da shi cak,
a ɗauko daga faifai, a shimfiɗa, a tashe shi.
Bai ma san ya runtsa ba.

A Tawa na fara ganin aikin nan.
Baba Nomau fatoma ne,
ɗaki uku, fatake ashirin,
albasar Galmi, kanwar Buzaye.
Da dare ya kau da buhun wannan ya sa na wancan,
da safe duk wanda ya tambaya, ya nuna da haɓa: ga naka.
Ba littafi. Duk a ka.

Ƙwaron daren yau: shafi ɗaya aka saki
alhali baƙo na bakwai na riƙe da lambarsa.
Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya sake.
Tinni ya ce a kashe shi a tada sabo, shayi na hucewa.
Na ce dakata.

Ai ɗazu da magariba Baba ya kira,
wai in haɗa shi da Inna, wayarta ba ta shiga.
Shekara shida da sakin wannan shafi.
Lambar na kansa daram, ko ɗigo bai ɓata ba.
Na tsayar da shi: ta leƙa maƙwabta, Baba.
Na lalube tebur bayan tebur,
ban sami abin shimfiɗa masa ba.

Kusan asuba na gyara layi uku:
a ƙirga masu riƙe kafin a saki.
Na bakwai ya farka, ya ci gaba da lissafin albashin wasu.
Kuran ya dawo.
Waya na rawa a aljihu.
Tawa ce.