Teburin Bakin Taga

Biyar da rabi na asuba na kunna fitila.
Ƙanƙara ta lulluɓe Iowa har bakin ƙofar shagona.
Kafin kofi ya tafasa sun iso,
takalmansu na ɗigar ruwa a kan daɓe.

Delbert Oosterhuis ya zaro jarida daga hammata,
ya shimfiɗa ta kamar mai shanyar fata.
"Ga mutanen sabon shugaba.
Wanda zai riƙe noma lauya ne.
Lauya! Hannun da bai taɓa ɓare masara ba."

Arlo Brandvold ya hura kofinsa.
"Gara lauyan. Gangara ƙasa ka ga na makamashi.
Shekara ashirin yana ci a akushin masu fetur,
yau shi zai faɗi yawan man masara
da za a gauraya a tankin mota.
An ba kura ajiyar nama,
kana nan kana ƙirga wa akuya haƙora."

Sai Wendell Tjaden, mai shanu ɗari uku,
wanda ba ya magana sai ƙwai ya iso gabansa:
"Ku dai. Kun mai da abincin saniya abincin inji.
Ku sha tallafi, ni in sha farashi."
Delbert ya ce, "To dusar da matata ke fitarwa,
wa ke aiko mota duk Talata?"
Wendell ya sa gishiri a ƙwai. Ya ƙara sa gishiri.

A kujerar ƙarshe Ofelia Barragán,
ta taso aikin dare a mayanka,
yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa a jikin kofi.
Ba ta ɗago kai ba ta ce,
"Uwata ta bugo waya daga Michoacán.
Garin masara ya sake hawa.
Ta tambaye ni, wai da gaske ne
a nan kuna ƙona ta?"

Shiru ya zauna da mu kaɗan.
Firji na gurnani.
Sannan Arlo ya ce fari ne, ba mu ba,
Delbert ya ce 'yan kasuwar Chicago ne,
suka koma kan lauya, don shi ba ya wurin.

Ni dai ina zuba kofi.
Ba wanda ya tambaye ni, kuma na gode.
Ɗana Lyle na aiki a matatar, can bayan layin dogo.
Kafin a gina ta, saura ƙiris a rufe makarantar garin nan,
shagon aski ya tafi, banki ya tafi,
Lyle ma ya ɗaure kayansa.
Hayaƙin can mai warin ƙullun da ya kwana,
shi ya kwance masa kayan.

Amma akwai takarda a aljihun rigar aikina,
na ninke ta huɗu, ta fara yagewa.
Masu gwajin ruwa suka aiko:
taki ya sauka rijiyarmu,
kada a dama wa jaririya madara da shi.
Jikata wata biyar gare ta.
Kofin da suke musu a kansa ma
da ruwan gora na dafa, ban faɗa musu ba.

To wane minista zan roƙa?
Wanda zai ce a ƙara shuka,
ko wanda zai ce a rage?
Hannuna ɗaya ne ke riƙe da butar,
amma ta yi mini nauyi ta gefe biyu.

Bakwai ta buga. Manyan motoci sun jeru a ma'auni.
Delbert ya ce sai majalisar dattawa ta tantance,
Arlo ya ce tantancewar me, an gama tun a ɗaki.
Suka yi rigima kan wanda zai biya,
Wendell ya biya.

Jaridar suka bar mini.
Gindin kofi ya zana zobe a fuskar lauyan,
daidai kan ido ɗaya.
Na ɗauke shi na goge tebur da shi.
Ofelia ta yi barci a zaune,
ban tashe ta ba.