Faifan Farko na 'Yan Tsatsa

Ni mai gyaran rediyo ne a Dilimi,
shekara talatin da ɗaya ina shaƙar hayaƙin dalma.
Ban san kan kiɗa ba. Warin ƙonewar waya na sani.

Ran da suka fara zuwa, ruwa ake da ƙanƙara.
Su huɗu, sun rungumo lasifika kamar mai jinya.
Kachollom ce ta yi magana, rabin gashinta kore shar:
"Baba, ta mutu."
Na kwance bayanta, na leƙa.
Na ce, ba mutuwa ta yi ba, kashe ta kuka yi.
Wa ya ce ku murɗa ta har ƙurya?
Sagiru ya ce, "Ai a ƙuryar daɗin yake."

Sau tara ina tashinta cikin shekara biyu.
Uku an biya, shida Allah ya saka.

Sunan abin da suke yi wai fank.
Na ce su maimaita, suka maimaita, na haƙura.
Jita tana gudu kamar ɗan acaɓa ya hango hukuma,
ganga na bin ta da duka,
muryar yarinyar nan kuwa a sama, zaƙi kamar rake,
tana zagin kuɗin haya, tana zagin wani Tongshak
da ya ce yana zuwa, bai zo ba.

Davou ya sayar da kekensa.
Sagiru ya yi dakon dankali a Farin Gada
har kafaɗarsa ta yi kanta.
Ritji ya ce wa uwarsa koyon waƙar coci yake tafiya,
kuma wani lokacin gaskiya ne.
A wani ɗaki a Bukuru suka naɗa,
bango duk an manne shi da kwalin ƙwai.
Waƙa goma sha ɗaya, minti ashirin da shida.
Na ce, kuɗin keke guda, ko shayi bai huce ba an gama?

Jiya Asabar aka fito da shi.
Faifai ɗari biyu, tambarin hoton ramin kuza
da ruwa ya cika, da takalmi ɗaya a baki.
Wani zaure ne bayan Taminus, kujeru na haya.
Na ƙirga mutane, sittin da ɗan wani abu,
'yan Gangare da 'yan Anguwan Rukuba kafaɗa da kafaɗa,
ba wanda ya tambayi wani daga ina.
Na tsaya a ƙofa da hulata,
da sukundireba a aljihu, don na san halinta.

A waƙa ta biyar wuta ta ɗauke.
Duhu. Sagiru bai tsaya ba.
Sai na ji zauren ya karɓe,
baki sittin, waƙar da ko kwana ɗaya ba ta yi a duniya ba.
Ashe sun daɗe suna haddace ta ta tagar gareji.
Ni da na zo gyara
na rasa abin da ya lalace.

Yau da safe na buɗe shago, sanyi na cin yatsu.
Na sa faifan a wata tsohuwar na'ura
da mai ita ya manta tun bara.
A bayan kwali, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
godiya ga Baba Ashiru, likitan marigayiya.

Har yanzu ban gane kiɗan ba, kar in yi ƙarya.
Amma tsakanin waƙa ta uku da ta huɗu,
inda kowa ya yi shiru ya ja numfashi,
akwai wani ɗan zuuu siriri a ƙarƙashi.
Wayar da na liƙa ce da damina,
ran da dalmata ta ƙare na yi maneji.

Na mayar da shi baya sau huɗu.
Maƙwabcina mai sayar da batir ya leƙo,
ya ce, Malam, wannan rediyon ma ya lalace ne?
Na ce a'a. Zauna ka ji.