Wuƙa Mai Baƙar Riga

A Taminus na saye ta, wata Laraba,
ƙarƙashin lema, tsakanin tocila da kwaɗo.
Ejike ya zaro ta daga kwali, baƙa wuluk,
ba ta ƙyalli, ba ta rama wa rana kallo.
Ya ce, "Oga, wannan rigar a wuta aka gasa mata.
Ruwa zai gaji, gishiri zai gaji,
tsatsa sai dai ta leƙo ta koma."
Ban taya sau biyu ba.

Asabar ta farko muka hau Shere da Davou.
Na datse igiya, na fiƙe turaku huɗu,
na fere rake, na tsaga lemo.
Da dare na haska ta da fitilar waya,
ko ƙwarzane babu.
Na kwana ina sa wa Ejike albarka.

Sai shingen ƙyarana a gonar dankali.
Farin ruwanta ya daskare a jikin wuƙa,
na cuɗa da yashi, don ban san wata dabara ba.
Da na ɗauraye, ga zane siriri,
fari fat, kamar furfurar farko
da mutum ke gani a madubin wanzami
ya yi shiru.

Busasshen itacen turare ya ƙara nasa.
Na kafa ta a kai, na bubbuga bayanta da gungume
don mu samu na hura wuta kafin sanyi ya sauko.
Itace ya tsage.
Riga ma ta tsage, daga kafaɗa.

Ga abin da Ejike bai faɗa ba,
wataƙila shi ma ba a faɗa masa ba:
kaifi ba ya sa riga.
Duk ranar da ka kai ta bisa dutsen washi
kai da hannunka kake tuɓe ta,
kuma wurin da ke aiki
shi ne wurin da ke tsirara.

Agusta ta zo da ruwanta na kwana da kwanaki,
har da ƙanƙara ranar wata Juma'a.
Na dawo jiƙe, na cilla jaka bayan ƙofa,
wuƙa na cikin kube, kube na shan ruwa.
Kwana tara.
Da na zaro ta, baki ya yi ja kamar na mai cin goro,
gefen zanen nan ya kumbura ƙuraje-ƙuraje,
tsatsa ta bi ta ƙarƙashi tana rarrafe.
Amma kada in ci amanar gaskiya:
inda baƙin bai taɓu ba, kusa da ƙota,
ƙarfe na nan lafiya lau.

Na kai wa Sallau maƙeri a Dilimi.
Ya juya ta, ya murza da babban yatsa,
ya jawo tasa daga ƙugu,
wadda ya ƙera da sifirin tsohuwar mota
tun ban yi wayo ba.
Toka-toka ce, kalar bayan tattabara.
Ba ta taɓa sa komai ba
sai ɗigon man gyaɗa da tsumma.
Ya ce, "Kada ka zagi rigar, ta sha dukan fari.
Laifinta ɗaya ne,
ta sa ka manta kana da hannu."

Yanzu wuƙata dabbare-dabbare take kamar zabuwa.
Ina iya karanta ta:
nan ƙyarana, nan turare,
nan kwana taran da na yi sakaci.
Tana yanka yadda take yanka.
Kowace yamma ina share ta, in ɗiga mata mai.

Jiya na ratsa ta gaban lemar Ejike,
wani saurayi na juya sabuwa a hannu, ido na sheƙi.
Ya ce, "Baba, tana da kyau?"
Na ce, "Saya.
In ka je gida, yago gefen tsohuwar singileti,
ka ajiye su wuri ɗaya."