Gado a Kan Gado

Laimar Jidda ba ta da haƙori, amma tana ci.
Ta ci kusurwar katin rigakafin Kaka Tanimu,
ta lashe rabin hatimin Sawakin,
ta bar mini shekara, ta tafi da wata da rana.
Ran da na buɗe adakar Inna
na tarar hotuna biyu sun manne fuska da fuska
kamar masu gaisuwar rasuwa.

Shi ya sa bayan Isha'i na nufi titin Falasɗinu
da ambulan a ƙirji, ƙarƙashin riga,
ina neman sikana.

Mai shagon, Shafiƙul, ɗan Bangaladash ne.
Larabcinsa da nawa duk na aro ne,
sai muka fahimci juna da wuri.
Ya nuna mini wata mai baki kamar kada:
"Wannan, ya hajji, shafi talatin a minti.
Ka zuba, ka sha shayi, ta gama."
Na ga yadda take haɗiye farar takarda
ta tofo ta da ɗumi.
Na ce, mutumin da ya yi shekara bakwai a hanya
daga Auyo zuwa bakin Bahar Maliya,
yana tsintar auduga a Jazira don kuɗin jirgi,
ba a minti za a haɗiye shi ba.
Ba ni mai shimfiɗa.
Tsoho kwantar da shi ake yi.

Ya sauko da biyu.
Ɗaya siririya, kamar allon karatu,
igiya ɗaya tak, kuɗi kaɗan.
Ɗaya ƙatuwa, sai an share mata rabin tebur.
"Siririyar," in ji shi, "abin da ya manne da gilashi kawai take gani."
Na zaro takardar Kaka, na buɗe ninkinta a hankali:
duk kwari ce da tudu,
shekara tamanin a naɗe cikin laya da aljihu.
Ina za ta manne?
Muka gwada. Siririyar ta ba ni hazo a kowane ninki,
ƙatuwar ta sauka har cikin kwarin
ta ɗebo sunan garinmu da aka rubuta ba daidai ba.

Na tambayi murfin, ko yana ɗagawa
don littafin bashin Baba mai kauri.
Yana ɗagawa.
Ya yi ta lissafa mini ɗigo dubu kaza a inci,
daga baya ya rage murya: "Ɗari shida ya ishe ka."
Na ji daɗin wannan gaskiyar,
ban ja ciniki sosai ba. Riyal ashirin ya rage.

A gida Rumaisa'u ta goge gilashin da gefen mayafinta.
Muka kwantar da hoton nan na ƙofar masauki:
Kaka a tsaye, rawani ya karkace, yana hararar rana.
Haske ya bi ta ƙarƙashinsa a hankali
kamar mai duba barcin yaro da fitila.

Da ta ƙara girmansa, sai ga shi.
Can a gefe, inda muke zaton tabo ne,
hannu ne, riƙe da labule,
yatsu huɗu da awarwaro mai lanƙwasa.

Na aika wa Goggo Lantana a Wad Madani.
Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Ta ce, "Iya ce.
Ita da ta rantse ba mai ɗaukarta hoto."

Har yanzu saura ambulan goma sha ɗaya.
Rumaisa'u na so mu gama kafin azumi.
Ni kuwa ɗaya nake yi a dare,
in rufe murfin da hannu biyu,
in jira hasken ya je ya dawo.