Nawa Ne a Hannuna?

A Malesso, daren da guguwa ta ɗauke wuta,
kakarmu Tan Deding ta tara mu a tabarma,
ni da Ha'ani da ɗan autanmu Kin,
ta zazzage wuri daga tsohon gwangwanin madara.

Hannu ya ɓuya a baya, ya dawo a dunƙule.
"Nawa ne? Wanda ya canka, nasa ne."
Ha'ani ta ce biyu. Aka buɗe, biyar.
Kin ya ce ɗari, muka kwashe da dariya,
kwanon rufi na kaɗawa kamar zai tashi da mu.

Ni na san lagon tsohuwa:
in da yawa, jijiyar bayan hannunta kan miƙe,
in guda ne, sai ta kumbura kumatu don ta ruɗe mu.
Na cinye bakwai,
na jera su gindin kyandir kamar haƙora.

Ba wanda ya ambaci kwale-kwalen.
Tun asuba Baba ya fita
da Kawu Bitot da Tun Ilas mai ɗingishi,
can gaba da duwatsun murjani, inda ruwa ke baƙi.
Inna na jingine da ƙofa,
carbinta ya zaga har ya gaji.

Sai Kaka ta sake ɗiba.
Wannan karon ba kumatu, ba zolaya.
"Nawa?"
Na duba jijiya, ta ƙi gaya mini komai.
Bakina ya bushe. Na ce uku.

Ba ta buɗe ba.
"Sai da safe," in ji ta.
Kin ya ce zamba ce, ya yi kuka har barci ya sace shi.
Duk farkawar da na yi, tana zaune,
dunƙulen na manne da ƙirjinta,
teku na ta jifan gaɓa.

Gari ya waye a kan kwakwa zube ko'ina,
da kaguwa a tsakar ɗaki.
Muka ji muryoyi a hanya.
Ban ƙirga fuska ba, sawu na saurara:
ɗaya, biyu,
sai can baya, jan ƙafar Tun Ilas.
Babu kwale-kwale, babu kifi ko ɗaya.

Yatsun Kaka sun sandare,
sai da Ha'ani ta ɓamɓare su ɗai-ɗai.
Wuri uku, sun bar shaidar haƙoransu a tafinta.

"Ka canka," ta ce.
Amma har ta bar duniya ba ta ba ni su ba.