Faƙon Bayan Dogo

Shekara hamsin da ɗoriya
ina yaƙi da ciyawa.
Ƙarangiya ta san ƙafata,
ƙuduji ya san fushina,
hauya nawa na cinye har ƙota.
Sai ga Sahiya, ƴar ƙanena,
ta sauko daga motar Damagaram
da ƙullin leda a hannu,
wai, "Baffa, ciyawa za mu shuka."

Na dube ta, na dubi sama.
Na ce karatu ya yi wa yarinyar nan yawa.

Ta ce ba gamba ba ce,
dangin gamba ce ta nesa.
Ta ce akwai wata tukunya a birni
mai dafa kara har ya yi hawaye,
hawayen nan in inji ya sha
sai ya yi tari, ya miƙe da gudu.

Na ce, "Jigawar gero ba ta cikin zancen.
Ba zan ciyar da ƙarfe
jikokina su kwana suna hamma ba.
Ga faƙo can bayan Dogo
inda akuya ba ta ko waiwaye,
inda ruwa ke gudu
kamar an biyo shi bashi.
Je ki gwada."

Ta je. Kunya ta sa na bi ta da diga.
Muka haƙa ramuka, rabin wata, rabin wata,
har tafin hannuna ya yi baki.

Daminar fari
abin ya fito kamar gemun saurayi.
A teburin Ɗan Jimma mai shayi
aka sa mini suna:
Haladu mai noma wa jakai.
Na fasa zuwa shayi wata biyu.
Sahiya ta ce, "Bar ta,
a ƙasa take aikinta."

Damina ta biyu ta kamo ƙuguna.
Ta uku, na shiga neman jikana Tsahiru
sai muryarsa nake ji.
Fakara ta yi ƙwai a ciki.
Rabona da ganin fakara a nan
tun Barira tana amarya.

Da kaka Juli ya iso da shanunsa,
ya tsaya, sanda a wuya, ya daɗe.
Ya ce, "Haladu, gero naka ne, na sani,
wake naka ne.
Amma ciyawa,
yaushe ta yi ubangida?"

Ban da amsa.
Na kwana ina juyi a tabarma.

Da safe na kasa dammuna uku:
kashi ɗaya na sikelin mutanen birni,
ɗaya na shanun Juli
su biya ni da taki,
ɗaya na zanar da Barira
ta shekara huɗu tana yi mini gori a kai.
Sahiya ta ɓata rai, ta ce lissafinta ya karye.
Na ce lissafin da bai san saniya ba
bai san garin nan ba.

Sikeli ya ba ni jikka goma sha ɗaya.
Ba arziki ba ne.
Tiya kaɗan ce ta gero,
da takalmin Tsahiru, da canjin goro.
Man kuwa ban taɓa ganinsa ba.
In babur ya wuce nakan buɗe hanci,
ko zan ji ƙanshin gonata.

Jiya na ce bari in ga abin da ta ɓoye.
Na haƙa gindi ɗaya.
Kamu biyu, saiwa.
Kamu huɗu, saiwa.
Na shiga ramin har kafaɗa
ba ta ƙare ba,
ƙasar kuma da sanyi a tafin ƙafata,
a watan da rijiyar masallaci ke ba da laka.

Na fito, na mai da ƙasar a hankali,
na danna da hannu, ban taka ba.
Hauyata na jingine da gawo
tana kallona.