Giwan Ruwan Arzika

Kafin ladan ya sauke hannu daga kunne
na riga na turo kura
daga injin ƙanƙara zuwa bakin Kwara,
sanda shida, lulluɓe da buhu da ƙaiƙayin shinkafa.
Sanyin Yawuri na cizon yatsa,
gulbi na tururi kamar tukunyar da aka manta a murhu.

Nan Arzika ke zama, gindin ɗunya,
gizagonsa a cinya kamar jariri mai barci.
Shekara arba'in yana fafe kwalekwale,
har manyan itatuwa suka ƙare a daji,
jiragen katako da ƙusa suka cika mashaya.

Na miƙa masa waya, na ce, Baba, dubi.
Wani gari ne can, inda kogi ke daskarewa
har mota ta bi ta kansa.
Suna yanko ruwa da zarto,
su gina soro da hasumiya,
su sassaƙa doki, su sa masa fitila a ciki,
jama'a na yawo a tsakani, baki na hayaƙi.

Ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta ta.
Ya ce, idan bazara ta zo fa?
Na ce, narkewa yake.
Ya ce, duka?
Na ce, har dokin.
Ya yi shiru, ya tauna goro,
sai ya ce, sauko mini da guda.

Ba tawa ba ce. Ta Tumba ce mai kifi.
Na sauko da ita.

Sara na farko ya ɓalle gefe,
ya ja tsaki, ya ce, wannan ba ta da jijiya,
ba ta gaya maka inda take son wuƙa.
Ya sassauta hannu.
Ɓarɓashi na tashi kamar gishiri,
yara na cafewa suna jefawa a baki,
suna ihu haƙora sun kama.
Yatsunsa suka mutu, ya cusa su a hammata,
ya hura, ya koma.

Hantsi bai gama ɗagawa ba
sai ga baki, sai ga ƙaya a gadon baya,
ɓawo bisa ɓawo da tsinin wuƙar aski.
Giwan ruwa,
irin wanda kakanni ke rantsuwa sun gani,
kwance a kan buhu,
rana na shiga ta haƙarƙari tana fita ta wutsiya.
Ta cikinsa na hango jirgin Rofiya na tahowa,
ƙarami, a karkace.

Masunta suka ajiye koma.
Wani ya taya don wasa.
Wata tsohuwa ta shafa, ta shafe fuska,
ta ce rabonta da ganin irin wannan haske
tun shekarar da sama ta yi jifa
ta kashe mata zabi bakwai.

Ido ne ya fara tafiya.
Sai ƙaya ta dakushe.
Da azahar ya koma tarwaɗa,
da la'asar ko sabulu ya fi shi kama.
Ruwan ya sami hanya tsakanin sawun jakai,
ya gangara, bai tambayi kowa ba.
Arzika ya bi shi da ido har bakin gaɓa,
ya ce, jiragena ma can suke,
wannan dai ya fi su sauri.

Tumba ta cire kuɗin sanda a ladana,
ta haɗa mini da baƙar magana ta kwana uku.

Washegari na tarar da shi gindin ɗunya
yana wasa gizago a kan dutse,
ya naɗe yatsu da tsumma.
Bai gaishe ni ba.
Ya ce, dorina za ta ci sanda nawa?